Tambarin Guga a Jikin Hita

Da ƙarfe bakwai na safe aka kira Sufeto wani gida mai ɗaki biyu. An tarar da maigidan, direban bas, kwance a banɗaki babu rai, hitar ɗumama ruwa tana cikin bokiti, jone da wuta.

Kafin Sufeto ya iso, Saje ya riga ya kama ƙanin mamacin, wanda ya ja wayoyin gidan. Washegari za a kai shi kotu.

"Yallaɓai, Yayana ne fa," in ji ƙanin daga bayan kanta, da Sufeto ya koma ofishin 'yan sanda. "Ni da bakina na ce masa kada ya sayi hita sai mai tambarin hukumar inganci."

Sufeto ya juya hitar. Tambarin yana manne a mariƙinta, amma gefensa ya ɗan ɗago.

A ofishin hukumar, wata jami'a ta duba lambar da ke jikinsa.

"Namu ne. Ma'anarsa an gwada kayan, ba zai ja mutum ba. Sai dai wannan lambar ta dutsen guga ce."

Matar mamacin ta kwatanta shagon da aka sayo ta. Mai shagon ya tari Sufeto da kujera.

"Ranka ya daɗe, haka suke zuwa a kwali. Ni ina na san karatun lamba?"

"Kana sayar da dutsen guga?"

"Sun ƙare tuni."

Saje ya tura ƙofar sito. Ga duwatsun guga nan jere a kan katako, kowanne da tabon gam a inda tambari ya kamata ya kasance. Gefe guda akwai reza da butar shayi.

"Waɗannan fa, baƙi ne?" Sufeto ya tambaya.

Mai shagon ya zauna a kujerar da ya kawo.

"Teloli da masu wanki ke sayen guga, da nauyi suke gane mai kyau, ba ruwansu da takarda. Hita kuwa ba mai taɓawa sai ya ga tambari. Sai in turara, in ɓare, in mayar. Wallahi ban ɗauka za ta kashe mutum ba."

Saje ya sa masa ankwa.

Da yamma aka shiga da shi, aka fito da ƙanin mamacin. Ya karɓi takalmansa, bai saka ba.

"Yallaɓai, zan tarar da Yaya?"

Sufeto ya rufe fayil ɗin.

"An kai shi tun da rana."