Ƙasar Suri

An idar da sallar magariba a Malbaza, manyan motocin siminti sun lafa a bakin hanya, Malam Zaidu yana zaune tsakar gida yana fiƙe fensirorin darasin gobe. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Kafin ya ɗaga kai, na biyu ya sauka gaban ƙafarsa ya tarwatse. Ba dutse ba ne, curin jar ƙasa ne busasshe.

Ya miƙe da faɗa, don dama a cike yake. Tun da aka ba shi darasin zane da ƙira a kwalejin garin bai huta da bakin mutane ba. Da ya koyar da zanen fensir ba wanda ya tanka, adon tabarma da na atamfa har yabo ya sha, amma ranar da ya sa 'yan ajin farko mulmula yumɓu, shi ke nan ya zama mai koya wa 'ya'yan Musulmi yin gumaka. Ya leƙa waje yana zagin maƙwabta. Lungun wayam, ko akuya babu.

Yayarsa Shatu, wadda ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa Lauratu, ta ɗauki curin ta murza, ta tambaye shi inda ya samo ƙasar darasin nasa. Ya faɗa mata cikin gatse. Ramin magina ya cika da ruwan damina, shi kuwa sai ya ɗauki diga da buhu ya je ga babban surin bayan lakwal, wato makarantarsu, ana gab da magariba, ya sare shi har zuciya, don ƙasar suri laushi gare ta, ba ta tsagewa. Kowace maginiya ta san suri gidan masu shi ne. Da hantsi ake zuwa, a yi sallama, a ɗebi gefe kaɗan a tafi. Zaidu ma ya sani. Ya dai yi karatu ne har ya fi ƙarfin sallama.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai ya tashi, wani lokaci da wata murya can bayan rumbu, kamar ana rarrashin jarirai. Sannan abin ya faɗa wa Muhsina, 'yarsa tilo, wadda ke cikin ajin nasa. Hannunta na dama ya dunƙule ya ƙi buɗuwa, ta daina ci, ta daina amsa sunanta. An kai ta likita, ba a ga komai ba. Zaidu ya yi ta huci, ya yi faɗa da Shatu, ya yi da mai allura, amma da ya ga farcen yarinyar ya fara nutsewa cikin tafinta, da kansa ya hau kabu-kabu zuwa Dogarawa ya ɗauko Malam Maikano, dattijon da ake kai wa masu irin wannan lalura.

Malamin ya zauna bayan la'asar yana karatu a kanta, a hankali, bai ko kalli uban ba. Inuwa ta cinye tsakar gida. Can yarinyar ta tashi zaune, muryar da ta fito bakinta ta wata tsohuwa ce mai kaushi.

"Bangon ɗakina yas sare, ɗiyana na kwance ciki. Ko sallama bai yi ba."

Malam Maikano ya tambaye ta me yarinya ta yi mata. Ta ce hannun nan ya fi na kowa daɗewa cikin ƙasarta, don haka shi za ta riƙe. Malamin ya ce wannan zalunci ne, ya ci gaba da karatu har muryar ta fara kuka tana neman sassauci. Daga ƙarshe suka daidaita. Za a mayar da ƙasar duka, a jiƙa ta har siffa ta ɓace, ita kuma ta saki hannun.

"Har wadda ag ga ƙarƙashin gadonta," in ji muryar.

Zaidu ya durƙusa ya jawo wani ƙunshi cikin tsohon zane. Fuskar Lauratu ce ta yumɓu, da tsagar kumatunta da yadda take karkata kai in za ta yi dariya. Lauratu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Yarinyar ta ƙera ta ne a ɓoye, daga abin da ta iya tunawa, kuma a duk shekarunsa na koyarwa bai ga aiki irin wannan ba.

Ya roƙa a bar masa wannan guda, ya ce zai yanka rago, zai gina surin da hannunsa. Muryar ta yi dariya. Malam Maikano ya ce masa ya zaɓa, ko ƙasa ko ɗiya.

Washegari ya bi gidajen ɗalibansa da buhu yana karɓar raƙuma da tukwane da shanun da suka mulmula, iyayen da suka kira shi mai gumaka suna tsaye bakin ƙofa suna kallonsa da murmushi. Ya zuba komai cikin daro, ya kwarara ruwa. Fuskar ya bari a ƙarshe. Ya dama ta da hannunsa, haƙoransa a cije, yana jin haushin aljanar da na garin, amma na kansa ya fi ci masa rai. Da hantsi ya kai gindin surin, ya yi sallama, ya juye.

Yana dawowa ya iske Muhsina ta yi atishawa mai ƙarfi, yatsunta sun saki. Ta sha kunu, ta amsa sunanta. Daga nan ta leƙa ƙarƙashin gado, ta daɗe tana lalube, sannan ta dubi jar ƙasar da ke maƙale a farcensa. Ya fara cewa zai samo mata yumɓu mai kyau ta sake wata.

"Ban iyawa, Baba. Tun da nig gama ta nid daina ganin huskar cikin kaina." Ta juya masa baya. "Kai kas sari suri, amma uwata anka kai."