Kwalbar Mai Ƙanƙara

Gwaggo ce ta zo da maganar. Ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce dangi sun gaji. Shekara da shekaru ana ɗora wa 'yarsu laifin rashin haihuwa, yanzu asibiti ya wanke ta, matsalar daga mijin take. Gara ta tattara kayanta tun tana da sauran ƙuruciya.

Ita dai 'yar tasu tana ninke rigunan mijin, ba ta ɗago ba. Mijin nata mai sayar da ƙanƙara ne, hannunsa kullum da sanyi, ga shi ba mai yawan magana ba. Tun da likita ya ce maniyyinsa ba ya motsi, ko an haɗa ƙwai a asibiti da wuya a dace, ya daina haɗa ido da ita. Da ya dawo ya ji saƙon Gwaggo, sai ya ce, "Ba zan riƙe ki ba."

"To ni na riƙe ka," in ji ta. "Ci abincinka."

Ita ta ja shi suka koma asibitin. Matar da ke ɗakin gwaji ta tambaye shi yadda ya kawo kwalbar maniyyin daga gida wancan karon. Ya ce ai gata ya yi mata, ya jera mata ƙanƙara sama da ƙasa don kada ta lalace.

Matar ta daɗe tana kallonsa. "Malam, kifi ka kawo mana?" Ta ce sanyi ne ke kashe motsin, ɗumin jiki ake so.

Ranar sake gwajin, matarsa ta karɓi kwalbar ta cusa cikin rigarta, ta rungume ƙirji da hannu biyu. A mota ko ƙarfe ba ta kama ba. Duk sanda aka taka birki, shi yake tare ta da kafaɗa.

Mai gwajin ta ce masu motsi ba su da yawa, amma za a iya gwada haɗa ƙwan. Karon farko bai kama ba, suka sha kuka. Na biyu ya kama.

Gwaggo ce ta fara yi wa jaririyar wanka, tana faɗa, wai kada uban ya kuskura ya taɓa ta da wannan hannun nasa. Ya sa hannuwan a hammata har suka yi ɗumi, sannan ya karɓa.

Da matar ta bi ta dangi, da ƙanƙara ta kashe aure. Abin da kake so, a jikinka ake riƙe shi, a haɗa da haƙuri.