Jan Maɓallin da Ke Bayan Inji

Mitata na koma ɗauka. Abin da ya mayar da ni shagon Yaya ke nan gab da magariba, bayan na riga na yi wanka, na saka doguwar riga mai faɗin hannu zan je gaida surukata. Da safe ina da aiki a wani wuri, kuma mai gyaran lantarki ba ya taɓa waya sai da mita, na'urar gwada wuta.

Yayana masassaƙin ƙarfe ne. Yatsunsa tara, ɗayan wani inji ya karɓe tun yana saurayi. Ya daɗe yana burin injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, irin wanda za ka rubuta masa awo ya fitar maka da ƙarfe cif. Da aka rufe wata masana'anta sai ya sayo nasu, tsoho, ya kusa sa'a da ni. Jikinsa garau, amma allonsa ya mutu, wayoyinsa sun bushe suna ɓarewa a hannu. Aikina shi ne in kwashe tsoffin kayan wutar kaf, in ja sabbin wayoyi, in dasa masa sabuwar kwamfuta.

Ni mutum ne mai ji da kaina a aiki, ba zan ɓoye ba. Ba na yanke waya sai na bi ta daga tushe zuwa ƙarshe, na liƙa mata lamba, na nemo ta a zanen masu ƙera injin. A rana ta uku na ci karo da wata jar waya wadda babu ita a zanen. Na bi ta da tocila, ta fita daga akwatin wuta, ta zagaya ta ƙarƙashi, ta ƙare a bayan injin. Na kwanta a ƙasa na leƙa. Jan maɓalli ne na tsayar da inji, irin na gaba sak, an ɗaure shi can ƙasa daidai gwiwa. Tsakanin injin da bango bai fi taƙi ɗaya ba, ko kyanwa sai ta matse za ta shiga. Duk bayan injin ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai, amma kan maɓallin fes yake, fentinsa ya goge don yawan dannawa.

Ran nan tsohon da ya yi aiki da injin a masana'antar ya zo ganin inda aka kai shi. Shi ne ma ya nace tun ranar saukewa a matsa shi jikin bango yadda yake a da. Ya same ni da filaya a hannu.

"Yaro, wannan ka bar shi yadda ka same shi."

"Baba, ai ba ya cikin zane."

"Ba zai kasance ba. Ni na sa aka ja shi, shekarata ta biyu a kan injin." Ya rage murya. "Kafin nan, duk sanda hatsari ya matso sai in ji ana bugun bayan injin, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Sai na ce to, bari in ba shi abin dannawa."

"Wa ke nan, Baba?"

Ya ɗaga hannuwansa ya ware yatsu a gabana.

"Shekara talatin da ɗaya. Ƙirga."

Goma ne cif. Ya ce injin kan tsaya haka kawai, in ka duba sai ka tarar ƙarfe bai ɗauru ba, ko an manta makullin ɗaure ƙarfen a bakinsa. Yaya ya dubi guntun yatsansa, ya ce, "Ƙane, bar masa abinsa mana. Me zai rage ka?"

Na ce to. A raina kuwa dariya nake yi. Injin da ke tsayawa shi kaɗai, a wurina waya ce ta saki, kuma gobe in ya tsaya ana tsakiyar aiki ni za a kira a ce ban iya ba. Suna fita na datse jar wayar. Layin tsayar da inji kamar sarƙa yake: wuta na bi ta cikin kowane maɓalli, in aka danna ɗaya sai sarƙar ta katse, inji ya tsaya. Don haka na cike gurbin da guntuwar waya, abin da muke kira gada, na ɗaure ta tamau a cikin akwatin wuta. Maɓallin kuwa na bar shi a wurinsa don kada Yaya ya yi ƙorafi. Na kulle akwatin, na jefa makullin a aljihu.

Kwana biyu da yin haka na dawo neman mitata.

Layin ya yi tsit, masu walda duk sun rufe. Na ɗaga ƙofar shagon rabi na sunkuya na shiga. Warin mai da ɓarɓashin ƙarfe ya tare ni kamar kullum. Ga mitar nan a kan tebur. Da na ɗauka na juya, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Amma sabon allon na kallona. Saura abu ɗaya ban gwada ba, ko kan injin na juyawa ta inda ya dace. Kan nan shi ne mai haƙora uku da ke damƙe ƙarfe yana juyawa da shi. Minti biyu kawai, na ce wa kaina, gobe Yaya ya zo ya tarar an gama.

Na ɗaga babban makunni. Fankar akwati ta fara huci.

Ƙas.

Daga bayan injin. Na saurara. Na ce ƙarfe ne ke sakin zafin rana.

Na zuge ƙofar kariyar da ke gaban injin gefe. Ban riga na haɗa makunninta ba, don haka injin zai juya ko tana buɗe. Na tura allon can dama a kan hannun ƙarfen da ke riƙe da shi don kada ya tare mini gani. Na rubuta masa gudu mafi ƙanƙanta, juyi goma a minti.

Ƙas. Ƙas.

Wani wari ya shigo cikin na mai, kamar na tsohuwar rijiya. Daga nesa aka fara kiran salla.

Na danna. Kan ya fara juyawa a hankali, daidai yadda nake so. Sai dai akwai wani ɗan gurzo a ciki, kamar abu na shafar abu. Na kunna tocila na zura hannun dama in haska.

Ban ji lokacin da haƙorin ya kama bakin rigar ba. Ja kawai na ji, a hankali, kamar wani na son ya faɗa mini magana a asirce.

Na fizge. Yadin sabo ne, bai yage ba.

Ya naɗe juyi ɗaya. Tocilar ta faɗi ciki.

Na miƙa hannun hagu wajen jan maɓallin gaba. Yana jikin allon da na ture da kaina. Yatsuna suka tsaya nesa da shi da taƙi biyu.

Juyi na biyu. Rigar ta shaƙe mini hammata. Wuyan hannuna ya taɓa ƙarfe mai sanyi.

Na yi ihu. Layin ba kowa.

Ƙas ƙas ƙas ƙas ƙas.

A lokacin na gane. Ba zafin rana ba ne. Wani ne a bayan injin, a wurin da mutum ba ya shiga, yake danna maɓallin da dukkan ƙarfinsa. Tun da na ɗaga makunni yake dannawa. Kuma ni na yanke masa waya.

Ƙashin hannuna ya fara ƙara. Kumatuna ya manne da bakin ƙofa. Na fara salati.

Dannawar ta tsaya.

Wani abu ya jawo jiki ta ƙarƙashin injin, da sauri, kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu. Sanyi ya shafi ƙafafuna ya wuce. Akwatin wuta ya girgiza. Wani shuɗin haske ya feso ta ramukan iskarsa, aka ji tas!

Sai ƙara. Siririya, gajeriya, ba ta mutum ba, ba ta dabba ba.

Injin ya tsaya cak. Fitilun shago suka mutu.

Ina rataye a jikinsa. Warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin. A cikin duhun, kusa da gwiwata, wani na numfashi da ƙyar.

Murya ta fito ƙasa-ƙasa, a shaƙe.

"Na danna."

Muryar ta sake fitowa.

"Na yi ta dannawa."

Aka ja jiki a hankali, a hankali, aka nufi ƙofa. Na ga rabin hasken magaribar da ke shigowa ta ƙasan ƙofar ya dushe na ɗan lokaci, ya dawo. Shi ke nan.

Da haƙori da hannun hagu na yage rigar daga kafaɗa. Na fita da rarrafe. Mai shagon taya a bakin titi shi ya ɗauke ni zuwa asibiti, ya kira Yaya. Karaya biyu a hannu, amma hannun yana nan, yatsu biyar suna motsi.

Bayan kwana huɗu muka koma tare da Yaya da tsohon. Akwatin wuta a kulle yake, makullin kuma bai taɓa barin wurina ba. Na buɗe. Gadar da na ɗaure tamau an tumɓuke ta da ƙarfi har da abin da ke riƙe ta, ta narke ta zama dunƙule a ƙasan akwatin. A jikin farin ƙarfen ciki akwai sawun hannu da ya ƙone ya manne. Yatsu huɗu, sirara, kowanne ya fi tsawon sukudirebata.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya tsuguna ya leƙa bayan injin, ya yi sallama a hankali. Ya jira. Ya sake yi. Sannan ya miƙe yana share ido da hularsa.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi, "ban taɓa ce masa na gode ba sau ɗaya da bakina."

Da hannu ɗaya na ja sabuwar jar waya a ranar, mafi kyau da nake da ita. Na gwada da sanda, maɓallin na aiki. Na ɗauki biro na zana shi a cikin zanen injin, na ba shi lamba, don kada wani mai ji da kai irina ya zo bayana.

Shekara biyu ke nan. Injin bai ƙara tsayawa shi kaɗai ba, ko sau ɗaya. Abokan sana'a suna yaba mini, wai aikina ba ya ba da matsala, ni kuwa duk sanda suka faɗa sai in tuna mai dannawar ne ya tafi. Yaya na tsaye a gabansa daga safe har yamma da yatsunsa tara. Na haɗa masa makunnin ƙofa, na ƙara masa maɓalli a hagu da dama, na hana shi aiki shi kaɗai, duk da haka hankalina bai kwanta ba.

Duk sati nakan je shagon. Mu gaisa, ya tsokane ni da rigar surukai, in yi dariya. Sannan in ɗauki tocila in kwanta a ƙasa in leƙa bayan injin. Na roƙi Yaya kada kowa ya goge wurin. Ƙura ta kwanta a kan jan maɓallin, tana ƙara kauri, kuma har yau ban ga sawun yatsa a kanta ba.