Maki Biyu

"Maki biyu ne fa, Malama... biyu kacal."

Mijinta ne ya shigo ofishinta, ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Malama ta kasa ɗaga kai daga takardar jarrabawar da ke gabanta. Talatin da takwas, da jan biro, da hannunta. Arba'in ake nema.

A sashensu na jami'a ɗalibi ba ya rubuta suna a takardar amsa, sai lamba. Shi mijin nata ne jami'in jarrabawa, shi ke haɗa lambobi da sunaye bayan an gama gyara. A nan ya gano matarsa ta kayar da Auta, ƙanwarsa, a shekararta ta ƙarshe.

Ya gaya wa Auta, ita kuwa bakinta ba ya riƙe magana, tuni ta kai wa Hajiya, mahaifiyarsu. Tun safe surukar ta kira Malama sau huɗu. A na ƙarshen ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta ce in yarinyar ta maimaita shekara, ɗanta ya zaɓa, ko uwa ko mata.

Tsoro ya kama Malama sosai, don tana son mijinta kamar ranta. Sau uku ta karanta amsoshin tana neman ko rabin layi da za ta ba maki. Babu.

"Masoyi, mutum shida sun ci talatin da tara," ta ce. "Su kuma, wa zai roƙa musu?"

"Gidanmu nake ceto."

"Kai ka koya min aikin nan. Ranar da na fara, kai ka ce kada in taɓa tambayar lambar wa ke hannuna. Tun ranar na fara sonka... In na ƙara, da wane ido zan shiga aji? Da wane ido zan dube ka?"

Ta tura masa takardar sakamakon, ta ce ita ta sa hannu, saura nasa. In ba zai iya ba, ba za ta riƙe shi a rai ba, yau za ta haɗa kayanta.

Ya ja kujera ya zauna. Ya ɗauki amsoshin Auta ya karanta daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake. Can ya zaro biro daga aljihu ya sa hannu.

Sannan ya kira waya.

"Hajiya, ni ne. Ba laifinta ba ne... Na duba da idona, ni na sa hannu."

Malama na ji aka kashe wayar. Ya zauna da ita a kunne, hawaye na bin gemunsa. Ta zagayo ta durƙusa, ta riƙe hannunsa.

"Tashi," ya ce a hankali. "Ƙarfe biyu kina da aji."