Ɗigon Ɗakin Inji

Magariba ta kawo jiki, Kaka na bakin murhu tana kankare tukunya, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Ta ja tsaki, ta zagi 'ya'yan maƙwabta. Na biyu bai taɓa rufi ba. A tsakar gida ya sauka, a hankali, kamar an ajiye shi da hannu. Ta ɗauka ta ji shi da zafi.

Gidansu bango ɗaya yake da ɗakin injin da ke tura wa unguwa ruwa, ɗanta ne mai kula da shi. Tun da suka tare, ruwa ke ɗiga a wuyan injin nan, ɗis, ɗis, ya bi ƙasan bango ya nutse a ƙasa. Macen da ta ci ƙuruciyarta da tulu a ka ba ta iya kallon irin wannan ta yi barci mai daɗi.

Da safiyar ranar ɗan ya sake fakin, farar igiyar nan ta zaren roba mai kama da kitso, wadda ake yankawa zobe-zobe a cusa a wuyan inji ta tare ruwa. Kaka na tsaye a kansa har ya kunna. Ɗis.

"Sabuwa fil tana yoyo? An cuce ku."

"Inna, haka ake barinta. Ɗigon ke sanyaya ta."

"Ni za ka koya wa toshe tulu?"

Ya tattara kayan aikinsa a gajiye. Yana fita ta ɗauki sifana ta matse noti biyun da ke danne igiyar har sai da kafaɗarta ta amsa. Ɗigo ya tsaya. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta ga abin faɗa ba.

Daga ranar gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Rana na faɗuwa duwatsu su fara. A cika randa, a waiwayo ta bushe ƙaf. A jikin bango ana jin wani abu kamar lasar harshe, da ƙananan muryoyi suna kuka can ƙasa-ƙasa. Ɗan ya rame, ya koma kunna inji ya fito da gudu ba ya ko duba shi. Matarsa ta daina magana sai da ido.

Sai abin ya faɗa kan Auta, jikar da Kaka ke kira ƙawata. Aka same ta durƙushe a gindin bango tana tonon ƙasa da farce. Leɓenta ya tsage. A ba ta ruwa ta ture, a ɗura mata ya dawo. Kaka ta taɓa wuyanta, ta san yarinya ba za ta daɗe a haka ba.

Aka kira Malam, dattijo mai ciwon gwiwa, ya zo da la'asar sakaliya. Ya zauna ya daɗe yana karatu, har inuwa ta cinye tsakar gida. Can Auta ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, busasshiya.

"Malam, ya isa. Na gaji, kai ma ka gaji."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Jikoki gare ni a ƙarƙashin bangon nan. Tun kafin a haife ta ɗigon nan muke sha, ba mu taɓa ɗaukar ko cokalinku ba. Aka wayi gari an toshe. Na ce bari su ji yadda ƙishin jika yake."

Ɗan ya ce, "Wallahi na bar shi yana ɗiga!"

Idon Auta ya juya a hankali, ya tsaya kan Kaka.

Kaka ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni ce. Da kin yi sallama kin roƙa kamar mai mutunci, an taɓa hana wani ruwa a gidan nan? Sai jifa?"

"Na yi kuka kin ji. Kika ce mage ce."

Malam ya ce, "Zalunci kika yi, baiwar Allah. Ki fita, a mayar miki da ruwanki."

"A buɗe ya gudana."

"Gudana?" in ji Kaka. "Unguwa ta sha me? Ɗigo kika saba, ɗigo za ki samu. Zan sa kwano a ƙasa, ku sha, saura na kaji."

"Ba ma sha a kwanon mutane. Ƙasa za ta sha, mu sha. Kuma hannun da ya matse shi zai sassauta."

Malam ya dubi Kaka. Kaka ta dubi leɓen jikarta. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki sifana.

Ɗakin inji na warin ƙuna, ƙarfen ba ya taɓuwa don zafi. Ɗan ya haska mata, ya ga farar igiyarsa ta yi baƙi. Ta juya noti. Babu komai. Ta ƙara. Sai tururi ya yi huci, sannan ɗis. Ta tsaya tana kallon ruwa mai kyau yana bin bango yana shiga ƙasa, ba ta tare ba.

Malam ya sa tsohuwar ta rantse ba za ta dawo ba. Ta rantse a gajiye. Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido, muryarta ce ta kanta. "Kaka, ƙishirwa."

Kaka ta tallafe kanta, ta kafa mata kofi a baki. Yarinya na sha da haɗama, rabin ruwan na bin haɓarta yana zuba ƙasa. Uwar ta miƙo hannu da sauri za ta gyara kofin, don ta san halin Kaka da ɓarnar ruwa.

"Ƙyale ta," in ji Kaka. "Sha, ƙawata. Akwai wani."