Wa Ya Shuri Assu a Fas

A garin Ifran, in ka tambayi masu gudu abin da ya raba Assu da filin tsere, amsa ɗaya za su ba ka: Zayid ne ya shure shi ta baya a tseren birnin Fas, saboda ƙanwar Zayid ɗin. Har rantsuwa suke yi. Kaɗan ne cikinsu suka je Fas ran nan, amma wannan bai taɓa rage wa rantsuwar ƙarfi ba.

Ƙanwar ita ce Tuda. Ita ke bin ayarin masu gudu a kan babur kowace safiya, gorunan ruwa a kwando, agogo rataye a wuya, tana kira wa yayanta lokaci a kowace kilomita. A bakin tafkin Awa ta fara ganin Assu. Shi zomo ne, wato aikinsa ya shiga gaba ya ja manyan 'yan tsere da saurin da aka yanka masa, in an ci rabin tafiya ya kauce ya bar musu. Ran nan ya kauce daidai inda ta tsaya, ya dafa gwiwa yana haki, ya tambaye ta lokacinsa.

"Ka yi sauri da daƙiƙa huɗu," ta ce. "Saura kaɗan ka kashe mini yaya."

"To gobe ki tsaya inda zan hango ki, sai in sassauta."

Ba ta yi dariya ba sai da ta tada babur. Kafin sati biyu ya samo lambarta, saƙonsa na farko ya shigo tana kwaɓa burodi: "Mai agogo, yau daƙiƙa nawa na ɓata ina kallon ki?" Ta goge hannu a zani ta rubuta: "Shida. Zomo mai waige ba ya daɗewa a aiki."

Si Baha, mahaifinta, bai so zancen ba. Ya ce zomo ba shi da lambar yabo, ba shi da gurbi a ƙungiyar gudu ta soja, ranar da ƙafa ta gaza shi ke nan. Yana da wani a ransa, ɗan amininsa mai gonar tuffa a Imuzzar. Zayid ya fi uban zafi. A shagon shayi, gaban mutum goma sha, ya ce in ya ƙara ganin Assu kusa da babur ɗin nan sai ya karya masa ƙafa. Irin maganar da samari kan yi ce, su manta kafin shayi ya huce. Wannan dai ba a manta ta ba.

Akwai abin da Tuda ta sani, sauran ba su sani ba. Wata uku Assu yana sauka daga mota da safe yana taka ƙafar dama kamar mai tsoron ƙasa, sai jiki ya yi ɗumi ɗingishin ya ɓace. Agararsa ce ke ciwo, jijiyar nan ta bayan dunduniya. Zomon da aka ji yana ciwo ba a sake kiransa, don haka ya roƙe ta ta yi shiru, ta kuwa yi. Ana saura kwana tara tseren Fas ya je wani ya yi masa allurar kashe zafi a cikin jijiyar. Ya aiko mata: "Na warke, hasken idona. Kamar sabuwar ƙafa." Ta amsa da alhamdu lillahi.

Ran tseren, a zagaye na biyar aka ji ƙara kamar an tsinke igiyar guga. Tuda tana ɗaya gefen filin, idonta a kan agogo. Da ta ɗago, Assu na ƙasa ya waiga baya, fuskar farko da ya gani kuwa ta Zayid ce, wanda tun farkon tsere yake biye da shi. Masu ɗaukarsa sun ji abin da ya faɗa: "Ka cika alkawari."

Mahaifiyarsa, Lalla Itto, ba ta yarda da asibiti ba. Ta kai shi wurin maɗorin kasuwar Azru, aka shafa gari da ƙwai, aka ɗaure da kara, aka yi masa lalas uku a bayan ƙafa. Kwana goma sha biyu aka ɓata a haka. Da aka kai shi asibitin Maknas daga baya, likita ya ce bakunan jijiyar sun ja da baya, sai da ƙyar aka haɗa su. Aka sa masa filasta har gwiwa, ya koma ɗakin uwarsa, dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Zayid kuwa babu wanda ya kore shi da baki. In ya iso wurin taro sai a ce yau ayari ya riga ya tafi. Koci, mai horar da su, ya ce ya ɗan huta tukuna. Ya rantse wa ubansa da Alƙur'ani bai taɓa Assu ba, uban ya ce ya yarda, amma bai dube shi ba da yake faɗa. Ya yi wata biyu yana gudu shi kaɗai a daji, Tuda na bin sa da ruwa. Wata safiya ya ce ta daina ɓata mai. Kafin bazara ya ƙetara teku, ya samu aikin tsinkar tumatir a rumfunan leda na Sifen.

Saƙonninta ga Assu suna shiga, ba amsa. "Zomona, ka ci abinci?" Shiru. "Ko harafi ɗaya ka turo in san kana numfashi." Sai a sati na bakwai ya rubuto: "Ba laifinki ba ne. Amma in na dube ki shi zan gani."

Nan Tuda ta fara bin zancen gida gida. Duk wanda ya ce ya gani, ta tambaye shi inda ya tsaya. Wannan ya ce a bakin wane ya ji, wane ya ce shi ma Assu ya ji yana faɗa. Ta ƙirga mutum goma sha bakwai, duka a bakin Assu zancen ke ƙarewa. Ta shiga mota zuwa Maknas, ta jira matar da ke koya wa marasa lafiya taka ƙafa har ta tashi daga aiki. Matar ta ce shekararta ashirin a wannan ɗaki, kusan duk wanda agararsa ta tsinke sai ya waiga neman wanda ya shure shi, har manomin da yake shi kaɗai a gona. Ta kuma tambaya ko an taɓa yi wa jijiyar allura. Irin wannan allura, in ji matar, takan raunana jijiya har ta tsinke.

Sai ta koma neman hoton bidiyo na tseren, shi ya fi wuyar samu. Sai bayan wata biyu ta gano wata mata a Sifru da ta ɗauki ɗanta hoto da waya daga kan benci ran tseren. Hoton na rawa, amma ana gani. A zagaye na biyar Zayid ya riga ya gaji, tsakaninsa da Assu taku huɗu ne cur.

Ta tarar da Assu a matakalar gidansu, ya dafa bango yana ƙoƙarin ɗaga dunduniya. An cire filasta, sha-raɓar ta tsotse kamar ta tsoho, tabon ɗinki da na lalas sun haɗu. Ya ɗaga da ƙafa biyu, da ya saki ta hagu sai ta dama ta zube. Ta miƙa masa wayar. Ya kalla sau uku.

"Ni na ji a jikina, Tuda. Na ji takalminsa."

"Na yarda ka ji. Yanzu kuma ka gani."

"So kike in ce ni na yi wa kaina?"

"Mu muka yi maka. Kai ka kai ƙafar, ni na yi shiru, inna ta ƙara da wuta. Yayana kaɗai ne ba shi da hannu, shi ne kuma ke tsinkar tumatir."

Ya zauna a matakala ya rufe fuska. Ta zauna ƙasa da shi, ba ta lallashe shi ba. Da ya tambaya ko har yanzu tana son gurgu, ta ce tana so, kuma za ta riƙa zuwa kullum tana ƙirga masa ɗagawar dunduniya, amma ba zai taka ƙofar ubanta ba sai ya tsaya gaban ayari ya faɗa da bakinsa, har da zancen allurar.

Sati biyar ya ɗauka kafin ya iya. Tana zuwa, tana ƙirgawa, goma sha biyar sau uku, ba ta ta da maganar. Ranar da ya fara tsayawa a kan yatsun ƙafar dama ita kaɗai, daƙiƙa biyu, ya ce ta kai shi bakin tafki da safe. Ya tsaya gaban mutum arba'in suna ɗaure takalma, ya faɗi komai. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya ce wa na kusa da shi ai yarinyar ce ta juya shi. Koci ya duba agogonsa ya ce a tafi.

Si Baha ya saurari masu neman auren, ya ce ba shi zai ba da amsa ba, a tambayi wanda aka zalunta. Assu ya kira Zayid sau takwas bai ɗauka ba. Amsar ta zo a wayar Tuda: "Ki ce wa Baba a ba shi. Na yafe don ke. Kada a jira ni, takardun zamana a nan ba su fito ba."

An ɗaura aure bayan an gama tsinkar tuffa. Da la'asar maza da mata suka jeru kafaɗa da kafaɗa ana buga tambura, Assu ya yi rawa kaɗan sannan aka kawo masa kujera. Lalla Itto ta shafa wa amarya lalle tana kuka, ta ce Allah ya sanya albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin magana. Si Baha ya ɗora hannu a kan 'yarsa ya yi addu'a mai tsawo, a ƙarshenta ya sa sunan ɗansa. Assu ya raɗa mata, "Mai agogo, na gode," ta matse hannunsa a ƙarƙashin mayafi.

Yanzu yana tafiya ba ɗingishi, yana iya sassarfa ta rabin sa'a, bai sake jan kowa a fili ba. Zayid bai dawo ba, bai kuma sake tsere ba. Jijiyar Assu ta yi wata uku tana ciwo, aka yi mata allura, ta tsinke da kanta. Babu wanda ya shure shi.