Mai Sikeli a Katin Wasa

"Tanko, kai ka saci ubana ka sayar!"

Iya Uwani ta buga katin a kan teburin shagon hoton Tanko da ke unguwar Kinkinau, har masu jiran fasfo suka miƙe.

Abin ya faro ne ranar Asabar. Samarin maƙwabta sun baje wani sabon wasa a rumfar ƙofar gidanta a Abakpa. Ga taswirar Arewa, ga ƙananan buhunan gyaɗa na katako, wannan ya zama kamfanin Turawa, wancan hakimi, ana ta cinikin wa zai bai wa wa hanyar jirgin ƙasa tun hantsi har la'asar. Ta fito zubar da shara ta hangi fuskar mahaifinta, Malam Shehu, a kan kati. Ba ta yi boko ba, sai ta sa aka karanta mata.

"Mai Sikeli. Yana danne awo da babban yatsan ƙafar hagu. Wanda ya ja shi zai ƙwaci buhu ɗaya wurin kowane manomi."

Yaran har rububinsa suke yi. Ta fizge katin ta shige gida.

Hoton nan ɗaya ne a duniya, yana rataye a ɗakinta, kuma sau ɗaya ya taɓa fita, lokacin da Tanko ya sake masa gilashi bara.

A shagon, Tanko ya ɗaga katin saitin haske. "Iya, in da ni ne, a na'ura zan sa shi, ya fito tas. Wannan da waya aka ɗauka yana jikin bango. Ga inuwar ƙarafan taga a kan gilashin. Kin ga taga a shagona?"

Ta duba ta ga babu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Yi haƙuri, ɗan nan," ta ce can ƙasa-ƙasa, ta fita ba ta kalli kowa ba.

A gida ta tsare Lami, matar ɗanta, mai share mata ɗaki.

"Miƙo wayarki."

Lami ta zaro 'yar ƙaramar waya mai tocila. "Iya, wannan ko kanta ba ta iya ɗauka."

"Wa kika bari ya shiga ɗakina?"

"Wa ya isa? Ni ma sai kina zaune nake shiga."

Iya Uwani ta zauna bakin gado tana juya katin. Hoto kowa na iya ɗauka. Amma yatsan hagu fa? Mutanen da suka san Malam Shehu yana yi wa kamfani awon gyaɗa duk sun kwanta dama. Ko 'ya'yanta ba ta taɓa gaya wa ba. Mutum ɗaya ta faɗa wa, a gadon asibiti, ranar da ta zaci tafiya ta zo, ta roƙa a riƙa nema masa gafara.

Ta aika aka kira jikarta Fadila, wadda ta gama jami'a.

"Karanta mini ƙananan sunayen da ke bayan katin nan."

Fadila ta karanta biyu ta tsaya.

"Na ukun fa? Harshenki ya ɗaure?"

"Sunana ne, Iya. Mu uku muka tsara wasan a Unguwar Sarki. So muke matasa su san yadda aka cuci manoma. Ai gaskiya ce."

"Na ce ƙarya ce? Ina 'yar shekara bakwai na ga wata tsohuwa tana kuka gaban sikelin nan, da dare kuma na ci tuwon da aka saya da kukanta. Shekara saba'in ban iya faɗa ba. Addu'a na ce ki yi masa, ke kuma kika kai shi rumfa yara na wawaso. Turawan da yake yi wa awon, su ma da hotonsu a ciki?"

Fadila ta sunkuyar da kai. "Zane muka yi. Mutum da malafa kawai."

"Sunansu?"

"Babu suna."

Iya Uwani ta miƙe.

"Wato wanda ya kwashe gyaɗar ya haye teku da ita, shi malafa ce. Ubana kaɗai ke da fuska. Tashi ki kira abokan naki biyu su zo ɗakin nan yanzu. Ku tsaya gabana, ku gaya mini wanda ya ba ku ubana."